Ruwan Jos ba ruwan Gazawa ba ne

Ku matso, ku da ke ta ɗokin tahiya ci-rani. Guzurina na farko akuyar Inna ce, wata ja mai kunne guda, aka kai ta kasuwar Gazawa aka sai da. Shekarar da Nasara ya naɗe tutarsa ke nan, kuma hatsin bai yi ba. Inna ta leƙa rumbu ta ce ba zai kai mu kaka da bakina a ciki ba, don ni a lokacin cin mutum uku nake yi.

Ta ce, "Tahi ka ci na wasu. Kada ka komo sai ruwa ya sauka, kada kuma ruwa ya riga ka gona."

Na bi 'yan haƙar kuza har Jos. Ƙasa ce da Allah ya jibge duwatsun da suka rage mai bayan ya gama duniya. Mota na hawa tana tari, kunnuwana suka toshe, na ɗauka aljanu ne. Sanyi kuwa, ku bar faɗi. Namu na nan wasan yara ne. Can in ka taɓa ruwan alwala da safe sai ka tuna akwai taimama. Mai ɗakin da muka kama haya, wata Ladi, ta ga ina kwana cikin buhu ta ce in biya kuɗin buhun ma.

Na ce, "Buhun naki ne?"

Ta ce, "Ƙasar da ya kwanta a kai tawa ce."

Shugaban aikinmu wani Audu ne, wai shi "hediman". Bakinmu bai iya ba, muka ce heluma, ya yi ta fushi har ya gaji. Kullum yana kirana Faransa, don Gazawa a ƙasar da Faransa ta mulka take, ni da ko "bonzur" ta gaisuwarsu ban iya ba sai da na girma.

Sanyi ya wuce, aiki ya yi daɗi, har na sayi lema baƙa irin ta akawu, don yanga kawai. To wata rana da la'asar hadari ya taso daga bayan dutse, aka zuba ruwa har da ƙanƙara. Washegari aka ƙara. Ƙamshin ƙasa ya buge ni, hankalina ya tashi, na ga kowa a Gazawa yana shuka, gonarmu kaɗai tana zaune. Na ajiye kwanon kuza na ce wa heluma na tahi.

Ya ce, "Kai Faransa, wannan ruwan dutse ne. Naku da saura."

Na ce, "Sama guda ce. Kai dai so kake ka riƙe ni."

Ya ce in na sauka kada in komo. Na ce ko da kuɗi.

Muna gangarowa kore yana raguwa, na ce ai ruwan yana gaba ne. A Kano zufa ta karyo min, na ce hadari ne ke haɗuwa. Sai da na shigo gari na ga gawon ƙofar gidanmu shar da ganye, ku kuwa kun san gawo ba ya riƙe ganye in damina ta kama. Rana tana dafa ƙwai, tsofaffi na kwance a inuwa, ni kuma ga ni da lema a hammata ina tambaya ko an gama shuka. Wani ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta dubi rumbu. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Ta ce, "Na sai da akuyata don in rage baki guda, ka maido min shi da lema."

Aka yi ta jiran ruwa, ni kuma ina ci, ina rage loma amma ina ci. Hatsin ya ƙare, muka taɓa iri, irin ma ya tafi. Da hadarin gaskiya ya fara haɗuwa, babu abin shukawa a gidan. Na ɗauki lemar na kai wa dogarin mai gari, wanda ya daɗe yana wa lemar kallon amarya, ya auno min gero.

Don haka in za ku ƙasar duwatsu, ku hau bayan kaka, da bargo. In ta yi ruwa, ku yi mata barka ku ci gaba da aikinku, sai kun ji Katsina ta jiƙe kana ku ɗaure kaya.

Har yau Mai Lema ake ce min a garin nan. Amma ranar da ruwanmu ya sauka, haka na yi shuka yana dukana a ka, dogari yana wucewa a bushe.