Facin Zuciyar Alhaji

Likita: Salamu alaikum. Hajiya, likitar ɗakin gwaje-gwaje ce. Ina wuni?

Hajiya: Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Ya aiki?

Likita: Da godiya. Ya yara?

Hajiya: Suna nan ƙalau.

Likita: Ina jin hayaniya, baƙi kuka yi?

Hajiya: Eh, baƙi ne.

Likita: To, albishir na zo da shi. Kin tuna jinin da muka ɗiba a jikin Alhaji wata huɗu da suka wuce? Muka ce za mu juya ƙwayoyin halittar da ke cikinsa su zama tsokar zuciya, mu liƙa masa a wurin da ya lalace?

Hajiya: Na tuna. Ya ce faci za ku yi masa kamar taya.

Likita: Yau da safe ƙwayoyin suka fara bugawa a cikin farantin gwaji, su kaɗai. Ba shi wayar ya ji da kunnensa.

Hajiya: Ranar Talata aka kai shi.

Likita: Halo? Layin yana yankewa. Wane asibitin?

Hajiya: Ya rasu, Likita. Yau kwana uku.

Likita: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ba wanda ya sanar da mu. Mu muna hawan ƙasa, fayil ɗinsa yana can saman bene. Kuma na tambaye ki lafiya…

Hajiya: Kin tambaya, na amsa. Yanzu ya za a yi da ƙwayoyin?

Likita: A ƙa'ida, in mai su ya rasu, daina ciyar da su ake yi. Sai dai in kin zo da kanki kin sa hannu kafin Juma'a mai zuwa, a ajiye su don bincike.

Hajiya: Takaba nake. Ko bakin ƙofa ban leƙa ba. Kara musu wayar in ji.

Likita: Ba su da ƙara, Hajiya. A na'ura ake ganinsu.

Hajiya: To duba, ki ƙirga mini.

Likita: Ɗaya… biyu… uku… huɗu… biyar…

Hajiya: Ba tsallake?

Likita: Babu.

Hajiya: Shekara shida ina ɗora kunne a ƙirjinsa, ban taɓa jin zuciyarsa ta kai biyar ba ta tsallake ba. Ko kuka ban yi ba har yanzu, ban san me ya same ni ba. Sun ci abincinsu na yau?

Likita: Tukuna. Ruwan da muke zuba musu yana ɗumi.

Hajiya: Je ki ba su. Ba ya son a makara masa da abinci.

Likita: To maganar sa hannun…

Hajiya: Ki dai ba su. Ana sallama, sai anjima.