Wanda Ya Zare Waya

Tun daga Maiyama na taho Jega karɓar takardar koke kan gonata da ƙanen mijina ya cinye, ga alƙali na jira da azahar. Wai kwamfutar da takardar take ciki ta ƙi tashi. Ina zaune bisa benci a shagon kwamfutar, sai tsoho mai tafireta na shagon kusa ya leƙo kan mai gyaran da aka kira daga Birnin Kebbi.

"Samari, ta mutu ko?"

"Ba ta mutu ba, Baba. Mantawa ta yi da inda ta aje kowace takarda. Na sa mata faifai, tana bin su tana jerawa."

"Shekara ashirin ina buga ma mutane koke, tafiretata ba ta taɓa mantuwa ba. Wagga ta zo bara, kowa ya bi ta, ko gaisuwa ba a tsayawa yi mani."

"Ba laifinta ba ne. Wuta aka yanke mata tana tsakar aiki."

"To, 'yan wuta ne."

"Masu shagon sun ce jiya da janareta suka wuni."

"Yo mi amfaninta? Waya guda na zare in ga ƙarfinta, ban ƙirga goma ba na maida."

Mai gyara ya ɗago ya dube shi. "Sai gobe za ta tashi, Baba."

Na miƙe na damƙi hannun rigar tsohon.

"Mu je tafiretar taka. Koke biyu za ka buga mani yau, na biyun da sunanka a ciki."