Madigadin Hagu

A rumfar mai fenti a Kakuri, Baba Istifanus na zaune kan benci da gwangwani a cinya, yana jiran mai rumfa ya dawo daga salla. Wani mai gyaran bodin mota, da shi ma jiran yake, ya kalli jan fentin da ke faratan dattijon.

"Baba, ƙofa ake shafawa?"

"Ina fa! Tarakta ce, ta marigayi mahaifina. Da na yi ritaya na jawo ta daga ƙauye zuwa Romi. Shafi uku ke nan, kullum sai ya ɓare kamar ɓawon albasa. Na gaji, ɗana."

"Ka kankare tsohon fentin?"

"Na dai wanke ta da sabulu."

"Haba Baba, ai ba riga ba ce! Fenti ba ya zama kan tsatsa. Sai ka bi ta da samfefa har ƙarfe ya fito tas."

"Har madigadin tayar hagu?"

"Me ya raba shi da sauran?"

Baba Istifanus ya jujjuya gwangwanin. "Nan marigayin yake dafawa in zai hau. Shekara talatin. Wurin ya suɗe, daidai tafin hannunsa."

Mai gyaran ya sosa ƙeya.

"To, zagaye wurin. Amma ka sani, daga nan tsatsa za ta ci. Shekara biyar ta huda shi."

"Shekara biyar?" Dattijon ya dubi nasa tafin hannun. "Ta ishe ni."