Mun Kwashe Ƙasar Ɗakin Inna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni manomi ne daga Sunke, ina roƙon ka karanta wannan mutanenmu su ji.

Bara Inna, mahaifiyata, ta ji ƙullutu a nononta. Mu da gubar dalma ta taɓa kashe wa 'ya'ya, kowane ciwo ita muke zargi. Sai muka kankare ƙasar ɗakinta muka zuba sabuwa, kamar yadda aka yi wa gidajenmu a da don cire gubar, muka zauna jiran sauƙi har damina ta wuce.

Da muka kai ta asibiti, likita ya gwada naman wurin, ya ce sankara ce. Wai ƙwayar halittar da ke sa nama ya ƙaru ce ta ninka kanta sau da yawa, shi ya sa ƙullutun ba ya daina girma. Ya ce, "Akwai maganin irin wannan, Malam, amma kun makara. Ta bazu."

Jama'a, ku je asibiti da wuri. Ni kuma ku ba ni shawara, don har yau Inna ba ta san abin da likita ya ce ba. Kullum da safe Inna takan shafa ƙasar nan ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ka raba ni da guba." Da wane baki zan faɗa mata?