Ban Ruwan Ƙarfe

A bakin kasuwar Batsari, Surajo mai jita na tsugune yana zuba wa wani ƙarfe da ya kafa a ƙasa ruwa, lasifikarsa sai gurnani take. Wani dattijo mutumin Runka ya tsaya.

"Samari, me ka shuka?"

"Ƙarfe ne, Baba. Na ɗaura masa waya daga kayan kiɗana. In ƙasa ta jiƙa, sai ta shanye gurnanin. Biki gare ni da la'asar."

"Taki fa?"

"Gishiri na sa."

"Gishiri! Ka kashe gonar."

Surajo ya ƙara buta guda. Ɗif, gurnani ya ɗauke.

Dattijo ya riƙe haɓa.

"Shekara arba'in ina noma, ban taɓa ganin girbi ranar shuka ba. In na kafa irinsa a gonata, yana shanye ƙarar bindiga?"