Fankokin Ajinmu Suna Cikin Kwali

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Zainab daga Gyaɗi-Gyaɗi, 'yar aji shida a wata sakandare a Tarauni. Ina da kunya, amma an ce yanzu mulkin farar hula ne, kowa ya faɗi damuwarsa.

An gina mana sababbin azuzuwa, iyayenmu suka sayi fankoki. Mai lantarki ya dubi rufin kankare ya ce wa shugabar makarantarmu, "Hajiya, a ina zan rataya? Babu ƙugiya!" Ɗan kwangila ya ce babu ita a zane. Mai zane ya ce aikin injiniya ne.

Jiya ƙawata Rabi ta suma saboda zafi, ga jarrabawa saura mako biyu. Don Allah masu sauraro, wa za mu tunkara? Mun gaji da yin fifita da littafi.