Bencinan da Aka Tsare a Sito

Aikin farko na yau: buɗe zaure, share shi, kada a fito da benci ko ɗaya.

Afuwan, wannan layin don kaina na rubuta shi. Ga jawabin.

Mai girma Shugaban ƙaramar hukuma, wanda yake zaune. Mai girma Lauyan hukuma, wanda shi ma yake zaune. Kansilolinmu da suka taho da kujerunsu a bayan mota. Iyayena da yayyena da ƙannena da kuke tsaye tun hantsi, wasu jingine da bango, wasu jingine da juna: ina yi muku sallama.

Na gode da aka ba ni dama. Ni ne mai kula da siton hukuma, iyakata sakandare, kuma magana a gaban jama'a ba aikina ba ce. Na rubuta jawabin nan na soke, na sake rubutawa na soke, har matata ta ce, "Baban yara, in ka ci gaba a haka, sallama kaɗai za ka kai musu."

Na farko, yadda abin ya faro. Bara telan bakin tasha ya zauna a bencin hukuma a ƙofar asibiti, ƙafar benci ta karye, ƙugunsa ya goce. Ya kai ƙara, kotu ta yanke cewa duk abin da hukuma ta ajiye don amfanin jama'a, alhakin ingancinsa yana wuyanta. Ni a wautata na ɗauka ma'anar hukuncin a gyara benci, har na fara neman guduma. Ashe rashin sani ya fi dare duhu. Mai girma Lauya ya zaunar da ni, a lokacin ana zama, ya ce, "Malam, bencin da babu shi ba ya karyewa." Na juya maganar ta gaba, na juya ta baya, ban ga inda ta yi ƙarya ba. Muka kwashe na asibiti, muka kwashe na tasha, muka kwashe na zauren nan. Suna can sito, ƙafafu a sama kamar kyankyasan da aka fesa wa magani.

Na biyu, nasarorin da aka samu, don kada a ce ba na yabawa. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara faɗowa daga bencin hukuma. Mutane suna faɗuwa, amma daga kan ƙafafunsu, kuma ƙafafunsu ba kayan hukuma ba ne. Da aka ga dabarar ta yi, sai aka rufe famfon kasuwa kada wani ya zame, aka sare bishiyar makaranta kada reshe ya faɗo. Direban motar shara ya ce, "Saura a rufe hukumar ɗungurungum, kowa ya huta da ƙara." Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don na ga Lauya yana rubutawa.

Na uku shi ne ya fito da ni. Mahaifiyata tana da hawan jini da ciwon gwiwa, duk wata takan je awo. Bayan kwashe benci ta je, ta tsaya a layi har jiri ya ɗebe ta, ta zube a ƙasa. Da ta dawo ta ce, "Ɗan nan, wa ya kwashe abin zaman?" Na ce, "Doka ce, Inna." Ta ce, "Dokar ce aka gani da rigarka tana lodi a kura?" Tun daga nan ta ƙi komawa. Maganinta ya ƙare, ƙafafunta sun kumbura, likita kuma ya ce ba ya rubuta magani sai ya ga mutum. Na ɗauki kujerar tsakar gida na je asibitin tambaya, mai gadi ya ce ba a shiga da kujera harabar hukuma, in ta karye a ƙasarmu ƙararmu ce. Yanzu ina kallon kujerun da ke gabana. Wataƙila akwai sakin layin da ban karanta ba. Ina yawan yin haka.

Na huɗu, roƙo. An shirya gobe mai gidan burodi zai kwashe bencinan ya yi makamashi, kuma yau majalisa za ta yanke. Jama'a, kada garin neman gira mu rasa ido. Ga telan can ya dogara sanda, ɗazu yake ce mini, "Ni fa gyara na nema, ba tsayuwa ba." Kafinta ya ce ƙusa ce kawai da yini guda. A bar mu mu gyara. In tsoro ake ji, ni zan fara zama a kan kowanne, tare da direban motar shara, kun dai ga jikinsa. Wanda ya ɗauke mu zai ɗauki Inna. Wanda ya karye da ni, na yafe a gaban shaidu.

Ga abin da ya rage mini na gobe:

buɗe sito
jiran mai burodi, ko kafinta, ku za ku faɗa mini wanne
kai Inna asibiti, ko da goyo ne
tambayar Lauya: in bayana ya karye a harabar hukuma, wa za a kwashe, ni ko Inna

Allah Ya ƙarfafa gwiwoyin na tsaye, Ya tsare ƙafafun kujerun na zaune, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mai da kowa gida kafin jiri ya ɗebe shi.

Na gode.